Saura Mu Huɗu

Mu tamanin muka zauna da la'asar sakaliya
a benen wani otal na Osu mai kallon teku.
Yanzu biyun dare ta gota,
an kife kujeru a kan tebura,
saura mu huɗu, sai fanka mai ƙugi.

Nii Lante ya gina katanga da tsabarsa,
da ƙyar nake hango gemunsa.
Madam Adwubi tana murza zobenta.
Selorm kuwa, ɗan jami'ar nan,
na fi shi da tsaba bakwai kacal.
Na ƙirga. Na sake ƙirgawa.

Ni ɗan Nima ne, albasa nake sayarwa,
ita ta koya mini karta:
buhun da ka ƙi sallamawa da safe
shi ke ruɓe maka a hannu da yamma.
Kuɗin dole na zagayowa kamar mai karɓar haraji,
kowane zuwa da ƙarin da ya yi.
In ka zauna jiran as biyu
jiran zai cinye ka kafin su iso.

To amma ji wannan.
Aka raba, na ɗaga gefe: tara biyu, ja da baƙa.
Da da rana ne, da na bi su duk inda suka nufa.
Selorm ya tura duk abin da ya mallaka,
Nii Lante ya amsa masa, ko tari bai yi ba,
idanu suka dawo kaina.
Tsakanin na huɗu da na uku
akwai sidi dubu goma sha biyu:
hayar rumfa ta shekara,
da keken ɗinkin da Lantana ta gaji da tambaya.
In raguna biyu suna karo
ba ka cusa kai don kai ma kana da ƙaho.
Na kife tarata, na naɗe hannu.
Yaron ya tashi a hankali.
Ya manta hularsa.

Saura uku, nan karta ke sauya hali.
Abin da na yar ɗazu kamar ɓawo
shi ne jari yanzu:
sarki da takwas, as da kowace shara.
Madam ta ƙwallafa rai ta zama ta biyu,
a zoben na gane, ya daina juyawa.
Mai tsoron faɗuwa shi ake tatsa.
Duk sa'ad da kuɗin dole ya faɗo kanta
sai in ƙara, ta yi tsaki, ta ajiye.
Sau biyar.
Ban nuna mata ko ɗaya ba.
Da ta gaji, ta afka wa katangar Nii Lante da goma biyu,
katangar ta ƙara tsawo.

Mu biyu.
Babu sauran wanda zan jira ya riga ni mutuwa.
Haƙurin da ya kawo ni nan
a nan ya zama kaya, na sauke shi.
Na tura, ya ja baya. Na tura, ya ja baya.
Gemunsa ya fito fili, har da maɓallin rigarsa.
Sai na tura da sarki da biyar,
ya ce, "Bismilla," da Hausar da ban san yana ji ba.
Karta huɗu suna tare da ni.
Ta biyar ba ta san ni ba.

Na biyu. An miƙo ambulan, an tafa kaɗan.

A Nima mai koko ta riga ta hura wuta,
ta ce, "Bawa, motar albasa ce ta iso da dare?"
Na ce mata a sa ƙosai na biyu.
Ladan ya gyara murya.
Ambulan na aljihun dama, ya ja rigar gefe guda.
A na hagu hular yaron nan ce,
ban ma tambayi unguwarsu ba.